Amfilifayar jita mai bawul a Legas: wacce za ka saya, wacce za ka iya riƙewa

Kwanakin baya wani ƙanena da ke kaɗa jita a wuraren biki tsakanin Agege da Idi-Araba ya same ni a ɗan ɗakin da nake ɗaukar sauti. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, na haɗa kuɗina, mai bawul nake so. Fender zan ɗauka ko Marshall?" Na ce masa, "Ƙanena, ajiye sunan kamfani tukuna. Gaya mini wace wuta za ka riƙa jona ta, a me za ka riƙa ɗaukar ta, kuma in ta tsaya wa zai buɗe maka ita." Ya yi shiru. Tambayoyin nan uku su ne ke yanke hukunci a garin nan, fiye da duk abin da mutum zai gani a bidiyon YouTube da aka ɗauka a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta rawa.

Ga wanda bai saba ba, amfilifaya ita ce akwatin da ake jona jita a jiki don ya ƙara muryarta, bawul kuma wata 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, da siririyar waya a tsakiya mai yin ja idan ta ɗauki zafi. Duk wanda ya tarar da tsohon rediyon da sai ya ɗumama kafin ya yi magana ya san shi. Tiransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ta kore shi daga rediyo da talabijin, amma masu jita suka ƙi sakinsa, kuma suna da hujja. Idan ka matsa wa amfilifaya mai bawul, muryarta ba ta fashewa farat ɗaya. A hankali take yin kauri, tana bin hannunka: ka shafi tsirkiya ta fito garau, ka ƙwale ta da ƙarfi ta yi gurnani, duk ba tare da ka taɓa maɓalli ba. Wannan bin hannun shi ake biya wa kuɗi. Bawul ɗin da ke aikin murya kuma iri biyu ne a ciki. Akwai ƙanana na gaba, galibi 12AX7, wanda a Turai ake rubuta wa ECC83. Su ke karɓar muryar jita su tsara ta, kuma suna iya shekaru ba su gaji ba. Akwai manya na baya, irin su EL84 da 6V6 da 6L6 da EL34, masu tura ƙarfi zuwa lasifika. Waɗannan su ne ke cinyewa kamar tayar mota, kuma su za su riƙa cin kuɗinka.

Kafin a shiga tantance masu bawul a tsakaninsu, sai a fara tambaya ko bawul ɗin ma kake bukata. Yawancin kiɗan da ake neman mai jita dominsa a Legas murya mai tsabta yake so: hailaif, juju, jitar afrobit mai maimaita zango ɗaya, da salon Buzaye na Agadas da samarinmu suka ɗauka sosai a 'yan shekarun nan. A wannan fagen akwai amfilifaya mai tiransista da ba ta jin kunyar kowa, wato Roland JC-120, wadda ta fito tun 1975 kuma har yau ana ƙera ta. Ƙarfinta wat 120 ne, da lasifika biyu masu inci 12, kuma muryarta ba ta dusashewa ko ka ɗaga ta. Aibinta nauyi, don ta kai kilo 28, amma tana da ƙannai masu sauƙi, JC-40 da JC-22. Ba ta neman ɗumama, ba ta neman canjin bawul, kuma ta fi jure wa jijjigar hanya. Sai kuma na zamani masu kwaikwayon murya da ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Boss Katana da ta shigo a 2016, da jerin Tone Master da Fender ya fara fitarwa a 2019. Tone Master Deluxe Reverb kilo 10 da ɗoriya ce, alhali ta asali mai bawul tana kusan kilo 19. Wanda ya taɓa hawa bene na uku da amfilifaya a kafaɗa ya san darajar wannan bambancin.

Sai dai masu kwaikwayon suna da rauni ɗaya da ba a cika faɗa ba. Idan wuta ta ƙona allon cikinsu, mai gyara ba ya iya ciro abu ɗaya ya musanya. Dukan allon ake canzawa, kuma sai an yi odarsa daga waje. Mai bawul kuwa, duk da ta fi saurin neman kulawa, cutarta a fili take. Kafasita ce ta kumbura, ko resista ta ƙone (ƙananan kayan wuta ne na cikinta), ko bawul ya mutu, kuma kowanne ana cire shi shi kaɗai. Dattijon da ya yi zamanin gyaran tsofaffin rediyo zai gane ta da ido. Don haka ra'ayina shi ne: idan abincinka yana wajen biki ne, a fili, kan janareta, sau uku ko huɗu a mako, ɗauki mai tiransista ka huta. Idan kuwa ɗaukar sauti kake yi, ko kana da wurin wasa tsayayye inda amfilifaya za ta zauna, to nan bawul yake biyan wahalarsa.

To, a cikin masu bawul, gidaje uku ne kusan kowa yake kwaikwayo.

Gidan Fender na Amurka shi ne na murya mai faɗi da sheƙi, ƙasa cike, sama garau, tsakiya a ɗan janye. Deluxe Reverb, wadda ta fito a 1963, wat 22 ce da 6V6 guda biyu da lasifika ɗaya mai inci 12. Ga mai kaɗa hailaif ko salon Agadas a ɗakin ɗaukar sauti, ban san wadda ta fi ta daɗin kunne ba, musamman saboda amsa-kuwwarta da ake samarwa da siraran sifirin a cikin wani dogon akwati a ƙasan ta. Yayarta Twin Reverb wat 85 ce da 6L6 guda huɗu, tana kusan kilo 29. Ba ta yin gurnani sai ka kai ta inda maƙwabta za su fito, shi ya sa masu son tsabta zalla suke ƙaunar ta. Amma ka lissafa: ranar canji, manyan bawul huɗu za ka saya a lokaci guda. Akwai kuma Blues Junior, ƙarama mai wat 15 da EL84 biyu, kilo 14 kacal, wadda aka fi cin karo da ita a kasuwar tokumbo, wato kayan hannu da ake shigowa da su daga waje. Muryarta ta fi matsewa, ba ta da faɗin Deluxe, amma tana shiga keke-napep ba gardama.

Gidan Vox na Ingila muryarsa tana da ƙararrawa a sama, tana ratsa ganguna da kalangu ba tare da ka ɗaga ta sosai ba. AC15 ta fito a 1958, AC30 ta biyo a 1959. Ta farko EL84 biyu, ta biyu huɗu. Wannan ratsawar tana da amfani ƙwarai a ƙungiyar da kayan bugu suka yi yawa, kamar yadda namu suke. AC30 mai lasifika biyu ta haura kilo 30, don haka ban cika ba wa mai yawo shawarar ta ba. AC15 ma ba ta da sauƙi kamar yadda sunanta yake nunawa, tana wajen kilo 22. Kuma su biyun suna zafi sosai. Kada a jingina bayansu da bango.

Gidan Marshall, wanda Jim Marshall ya kafa a Landan, ya fara da JTM45 a 1962, kuma tsarin Fender Bassman ya ɗauka ya sauya. Daga baya ya koma EL34, inda aka samu wannan tsakiyar mai kauri da gurnanin da kiɗan rok ya ginu a kai. DSL20 da DSL40 su ne na zamani da mutum zai iya samu. Amfilifayoyi ne nagari, amma ka tambayi kanka sau nawa a wata ake neman wannan muryar a wurinka. Da yawa suna sayen Marshall don sunan, su ƙare suna kaɗa ta a sashen murya mai tsabta, inda ba nan ƙarfinta yake ba. Peavey Classic 30, da Laney, da Blackstar, da Bugera duk suna zagaye da waɗannan gidajen ne, kuma wasunsu sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Maganar wat ita ce inda aka fi yaudarar kai. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ƙarfi ya ninka kusan sau goma. Ke nan tsakanin wat 15 da wat 50 ba wata tazara mai ban tsoro ba ce. Abin da babbar take ba ka shi ne tsabta a ƙara mai yawa, ba wai ƙarar kanta ba. A yau kuma duk wurin taron da ya amsa sunansa yana da miksa da manyan lasifikoki. Ka kafa makirfo irin Shure SM57 a gaban ƙaramar amfilifaya, ta cika fili. Ƙaramar tana kai wa inda muryarta ke daɗi tun kafin kunne ya gaji, manyan bawul biyu kawai take ci, ba ta wahalar da janareta. A Legas ni ban ga dalilin da mai jita ɗaya zai wuce wat 15 zuwa 22 ba, sai dai in yana wasa a fili ba miksa.

Akwai wani bambanci da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, wanda kuma ya fi launin akwati muhimmanci: yadda ake saita wutar da ke bi ta cikin manyan bawul, abin da masu gyara ke kira bayas. A wasu, irin AC15 da AC30, amfilifayar ce ke daidaita kanta. Ka sayo bawul da aka gwada aka haɗa su daidai, ka cire tsofaffi ka sa sababbi, shi ke nan. A wasu kuwa, irin Deluxe Reverb da Twin da DSL40, duk canjin manyan bawul sai mai gyara ya sa mita ya saita. In an bar shi da zafi, bawul ya cinye da wuri. In ya yi sanyi da yawa, murya ta bushe. Wanda yake da amintaccen mai gyara kusa, wannan ba matsala ba ce. Wanda ba shi da shi, ya karkata ga mai saita kanta. Ka tuna kuma masana'antun da suka rage suna ƙera bawul a duniya 'yan kaɗan ne: JJ a Sulobakiya, wata a birnin Saratov na Rasha da ke yin Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, sai wasu a Sin. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, bawul ya yi wuya a ko'ina kuma farashi ya tashi. Mu da muke saye da dala a kan haka, dole mu zaɓi amfilifayar da ke cin irin da aka fi samu, wato 12AX7 da EL84 da 6L6 da EL34, kuma mu ajiye na ko-ta-kwana.

Yanzu ga abin da ya fi kashe amfilifaya a garin nan. Wutarmu bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce mai bugu 60, ta Japan bolt 100. Kayan tokumbo daga ko'ina suke zuwa, kuma sau da yawa an riga an canza musu kan fulogi zuwa namu mai ƙafa uku, ta yadda ido ba zai gane ba. Juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Ni na yi asara a nan. Na taɓa mallakar wata 'yar Amurka da nake ji da ita, kullum da taransifomar rage wuta nake jona ta. Wata rana a wajen biki a Mile 12, ina can ina gaisawa da mutane, wani mai taimaka mana da jera kaya ya jona ta kai tsaye da kyakkyawar niyya. Kafin in iso wari ya tashi. Babbar taransifomar cikinta ta ƙone, kuma sai da na yi watanni kafin na samu madadinta. Tun daga ranar, in amfilifaya biyu suka zo daidai a murya, wadda aka ƙera don Ingila ko Turai nake ɗauka, ko da ta ɗan fi tsada. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. In kuwa 'yar Amurkar ce ta kwanta maka, sayi taransifomar rage wuta da wat ɗinta ya ninka wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifayar, ka ɗaure fuloginta a jiki da tef yadda ba mai iya raba su, ka kuma sani za ta ɗan fi zafi a wutarmu.

Ko wadda ta dace da bolt 230 ba ta tsira ba, don wutar ba ta tsayawa a 230. Wayar da ke ɗumama bawul bolt 6.3 take so. Wuta in ta hau, ita ma ta hau, kwanan bawul ya ragu. In ta sauka, murya ta yi laushi kamar mai jin yunwa. Sitabilaiza wajibi ce, kuma mai jinkirta sakin wuta bayan an dawo da ita ta fi, domin bugun farkon nan shi ne mugu. Sayi 'yar mitar da ake soka wa a soket, kana kaɗawa kana ganin lamba. Da an ɗauke wuta, kashe maɓallin amfilifaya nan take. A kan janareta, bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna, ka kuma kashe kafin a kashe shi. Kada ka yarda a haɗa ka layi ɗaya da firiza ko injin jan ruwa. In inbata ce, sai mai ba da wuta sumul irin ta layi. Mai arahar nan tana sa ƙugi kuma tana gasa taransifoma. Fis in ya ƙone, a sa irinsa daidai lambarsa. Naɗa masa waya ko takardar azurfa, kamar yadda ake yi wa wasu kayan gida, cire mai gadi ne a bar ƙofa buɗe. Kuma kada ka karya ƙafar fulogi ta uku don ƙugi ya ragu. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da ƙarfen amfilifaya, leɓenka kuma yana kusa da makirfo. Wannan wayar ƙasa ita ce tsakaninka da mummunan jan wuta.

Dokoki biyu ba su da sassauci. Kada a kunna mai bawul ba lasifika a jone, domin taransifomar fitar da murya za ta iya lalacewa, kuma ita ce zuciyar amfilifaya. Haka kuma lambar om da aka rubuta a jikin lasifika, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ramin da aka soka ta. Na biyu, kada ka sa hannu a cikin ƙarfen da kayan wuta suke. Akwai bolt 300 zuwa 500 a ciki, kuma manyan kafasita suna iya riƙe shi ko bayan an zare fulogi. Canjin bawul daga waje, bayan an zare wuta ya huce, naka ne. Abin da ya wuce nan na mai gyara ne.

Laimar Legas kuwa a ɓoye take aiki. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma wajen Satumba da Oktoba, iska cike take da ruwa, kuma waɗanda ke kusa da teku, wajen Lekki ko Obalende, suna da ƙarin gishiri. Ƙafafun bawul da ramukansu suna tsatsa, maɓallai su fara ƙarar yashi, takardar lasifika ta yi fumfuna. Amfilifayar da ake kunnawa ta fi wadda aka adana lafiya, don zafinta yana korar laima. Ko ba ka da wasa, kunna ta rabin awa a mako. Ɗora ta kan benci, kada ta kwana a ƙasa, saboda ambaliya ba ta sallama. Rufe ta da yadi bayan ta huce, ba da leda ba. Leƙa bayanta lokaci-lokaci, domin kyankyaso da ɓera suna son ɗumin wurin. Ƙurar hunturu burushi mai laushi ya ishe ta. A hanya kuma, ba ta minti goma zuwa sha biyar ta huce kafin a ɗaga, domin bawul mai zafi ya fi rauni. Ɗora ta kan kujera ko kan soso, ba a kan ƙarfen bayan danfo ba, kuma in ka isa ka duba ko kowane bawul yana zaune daram a raminsa.

Ranar saye, ko a Alaba ne can Ojo ko a hannun wani mai kiɗa, tafi da jitarka da wayarka, kada ka dogara da na shago. Sunsuna bayanta kafin a kunna. Warin ƙuna ko alamar wani abu ya narke ya zubo daga taransifoma ya isa ka juya. Dubi kan kowane bawul: tabo mai sheƙin azurfa lafiya ne, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ya mutu. Bayan an kunna, ɗan jan da ke tsakiya daidai ne, ɗan shuɗi-shuɗi a jikin gilashi ma galibi ba komai, amma in faffaɗan ƙarfen ciki ya fara ja kamar garwashi, a kashe nan take. Ɗan ƙwanƙwasa ƙananan bawul da fensir. Wanda ya amsa da ƙara ta lasifika ya kusa canji, sai a rage maka kuɗinsa. Ƙugin da ba ya raguwa ko ka mayar da ƙara sifili yawanci tsofaffin kafasita ne, abin da ake tsammani a amfilifayar da ta haura shekara ashirin ba a taɓa ta ba. Kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi ka saurari ko lasifika tana gogawa. Sannan ka daure ka yi aƙalla rabin awa kana kaɗawa, ko mai shago ya ƙosa, domin yawancin cututtukan mai bawul sai ta yi zafi suke fitowa.

Da muka gama wannan lissafin, ƙanen nawa ya ce, "To Yaya, in kai ne fa?" Na ce masa ya bar tsohuwar mai tiransistarsa ta ci gaba da zuwa biki, don ita ta saba da janareta da danfo. Bayan mako biyu muka je tare muka ɗauko masa wata tokumbo 'yar Ingila, bolt 230, wat 15, EL84 biyu, mai saita kanta. Ragowar kuɗin da ya so ya zuba a babbar Marshall ya sayi sitabilaiza, da mitar soket, da fis guda biyar, muka kuma ba da saƙon EL84 biyu da 12AX7 ɗaya a hannun wani mai dawowa daga Landan. Tana nan a ɗakina kan benci, yana zuwa ranar Talata da Alhamis yana ɗaukar waƙoƙinsa da ita.